Babi na Shida: Abin da Kundin Gado Bai Faɗa Ba

A shekarar 2008 wata tawagar masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore a Amurka, wadda Bert Vogelstein da Kenneth Kinzler ke cikin jagororinta, ta tattara ƙari 22 na wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira giliyobilastoma. A cikin kowane ƙari sun karanta ƙwayoyin gado sama da 20,000, harafi bayan harafi, suna farautar kuskuren rubutun da ke sa lafiyayyar ƙwayar halitta ta kangare ta shiga rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa. Da yawa daga cikin abin da suka gano an riga an san da shi. Guda ɗaya ne ya zo a baƙunce, wata ƙwayar gado mai suna IDH1, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera wani inzayim, wato furotin mai juya wani sinadari ya koma wani. Aikinsa na yau da kullum ne a cikin sarrafa abinci, an daɗe da saninsa a littattafan ɗalibai, kuma ba wanda ya taɓa jingina shi da kansar ƙwaƙwalwa. Da aka faɗaɗa binciken, sai aka same shi da kuskure a kusan kashi 12 cikin ɗari na masu wannan ciwo, galibinsu masu ƙarancin shekaru, kuma sun fi sauran daɗewa a raye. Shekara na zagayowa aka gano cewa sama da kashi 70 cikin ɗari na wasu ƙarin ƙwaƙwalwa masu saurin girma kaɗan-kaɗan suna ɗauke da shi, wasu masana kuma a birnin St. Louis suka tsinto shi a cikin wata kansar jini.

Kuskuren yana da wani hali da ya ɗaure wa masana kai. A al'ada, idan kansa na son kashe wata ƙwayar gado, ko'ina ta samu takan lalata, farko ko tsakiya ko ƙarshe, kuma takan lalata kwafi biyun da mutum ya gada daga uwa da uba. Wannan kuwa kullum wuri ɗaya yake faɗawa, a gurbi na 132 na jerin tubalan da aka gina furotin ɗin da su, kuma kwafi ɗaya kawai yake taɓawa ya bar ɗayan lafiya lau. Fassarar farko ita ce inzayim ɗin ya mutu, kuma gwaji ya nuna lallai ya daina aikinsa na asali. Amma da za a ƙara karanta DNA na marasa lafiya dubu goma, amsar da za a samu ke nan dai, gurbi na 132, kwafi ɗaya. DNA ta faɗi iyakar abin da ta sani. A 2009 masana a kamfanin Agios da ke Cambridge ta jihar Massachusetts suka canja ma'auni. Suka dasa kuskuren a cikin ƙwayoyin halitta, suka auna ƙananan sinadaran da ke yawo a cikinsu a lokaci guda ba tare da sun zaɓi wanda suke nema ba. Kusan komai daidai yake da na ƙwayoyin da ba su da kuskuren, in ban da wani sinadari guda da ake taƙaita sunansa da 2-HG, wanda a lafiyayyen jiki da ƙyar ake ganin ɓurɓushinsa. A cikin ƙarin marasa lafiya ya ninka har kusan sau ɗari. Ashe inzayim ɗin bai mutu ba, sabuwar sana'a ya kama: yana ɗaukar abin da lafiyayyen kwafin ya sarrafa yana mai da shi 2-HG. Dalilin barin kwafi ɗaya lafiya ke nan, da dalilin faɗawa wuri ɗaya.

Saura tambaya ta gaba, ta yaya tarin wani ɗan sinadari zai haifar da kansa? Amsar ta fito daga ma'auni na uku. Jiki na da dabarar rufe ƙwayar gado ba tare da ya goge ko harafi ɗaya ba. Yakan manna wani ƙanƙanin sinadari mai suna metil a kan harafin C na DNA, kuma inda wannan tambari ya yi yawa a bakin ƙwayar gado, sai karanta ta ya tsaya. A 2010 wani babban shiri na gwamnatin Amurka na zana taswirar gadon kansa, wanda ake kira TCGA, ya auna tambarin metil a ƙarin giliyobilastoma 272, ya ga wani ɗan rukuni da tambarin ya mamaye shi fiye da ƙima. Da yake shirin ya riga ya karanta DNA na waɗannan ƙari ɗin dai, ba wasu ba, sai aka jera jadawalin biyu gefe da gefe, aka ga mafi yawan wannan rukuni masu kuskuren IDH1 ne. A shekarar dai, masu binciken kansar jini suka lura da wani abu mai ƙayatarwa. Akwai wani inzayim, TET2, mai aikin fara kankare tambarin metil, kuma yana lalacewa a wasu marasa lafiya. Wanda ke da kuskuren IDH1 kusan ba a samunsa da kuskuren TET2, amma tambarin metil na rukunin biyu ya yi kama. Cutar ba ta buƙatar biyun, domin wuri ɗaya suke kai ta. Gwaje-gwajen 2011 da 2012 suka ƙarasa: 2-HG ya yi kama da sinadarin da TET2 da 'yan'uwansa ke buƙata don aiki, sai ya zauna a mazauninsa ya toshe su, tambarin metil ya taru, ƙwayoyin gadon da ke sa ƙwayar halitta ta balaga su kasance a kulle, ita kuma ta ci gaba da rarrabuwa a yarintarta. Da aka dasa kuskuren IDH1 shi kaɗai a lafiyayyun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, tambarin ya bayyana.

Daga nan hanyar magani ta buɗe, tunda toshe inzayim mai sabuwar sana'a abu ne da masu haɗa magunguna suka iya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da enasidenib a 2017 da ivosidenib a 2018 don kansar jini, sannan vorasidenib a watan Agustan 2024 don ƙarin ƙwaƙwalwa. A gwajin da aka yi wa na ƙarshen da marasa lafiya 331, matsakaicin lokacin da ciwon ya ɗauka kafin ya ci gaba ya kai wata 27.7 ga masu shan maganin, wata 11.1 ga waɗanda aka ba ƙwaya marar magani. Jinkiri ne, ba warkewa ba, amma ga mai shekara talatin da wani abu, jinkirta gashin ƙwaƙwalwa da haske da fiye da shekara guda ba ƙaramin abu ba ne. Na kawo wannan labari da tsawonsa ne saboda a kansa hujjar wannan babi ta tsaya. Haɗa manyan ma'aunai iri-iri yana haifar da ilimi ne a lokacin da kowanne ya amsa tambayar da ɗan'uwansa ya bari a buɗe, aka auna su a kan jiki ɗaya, har aka samu sarƙar dalili da za a iya tsinkewa a ɗakin gwaji a ga abin da zai biyo baya. Girman tarin bayanai ba ya cikin waɗannan sharuɗɗa, ko da yake shi aka fi yi wa shela.

Dalilin da ya sa ma'auni ɗaya bai isa ba yana cikin ginin jiki da kansa. Shirin karanta kundin gadon ɗan Adam, da aka fara a 1990 aka kammala a 2003, ya ba mu jerin haruffa kusan biliyan uku. To amma ƙwayar hanta da ƙwayar ƙwaƙwalwa da ƙwayar fata na mutum ɗaya kundi iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya raba su shi ne wane shafi aka buɗe, wane aka rufe. Tambarin metil da yadda aka naɗe zaren DNA su ke nuna abin da ke buɗe. RNA, wato kwafin da ake juyowa daga shafin da aka buɗe, tana nuna umarnin da aka aika. Furotin su ne ma'aikatan da aka ƙera da wannan umarni, ƙananan sinadarai kuma su ne abin da aikin ya haifar. Da kowane mataki yana bin na gabansa sau da ƙafa, da auna ɗaya ya wadatar. Ba haka abin yake ba. A 2014, lokacin da aka auna furotin a ƙarin kansar hanji 95 waɗanda TCGA ta riga ta auna RNA ɗinsu, an ga yawan RNA ba ya nuna yawan furotin yadda za a dogara da shi, domin wani umarnin ba a cika zartar da shi ba, wani furotin kuma ana rusa shi da zarar an ƙera. Abin ya yi kama da shari'a a gaban alƙali. Kowane shaida daga inda yake tsaye ya ga abin da ya gani, ɗaya ya ga shigar mutum, ɗaya ya ji ƙara, ɗaya ya ga fitarsa. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya ga duka, sai an jera maganganunsu bisa lokaci sannan hukunci zai yiwu.

Misali na biyu ya shafe mu kai tsaye, domin ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta. Tun 1948 wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura cewa jarirai masu sikila ba sa nuna alamar ciwo a watanninsu na farko, ta danganta hakan da wani nau'in himogulobin, wato furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini, da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, wanda ke raguwa bayan haihuwa. Da za a iya hana shi raguwa, da ciwon ya yi sauƙi ƙwarai. Shekara kusan sittin ba a san makunnin da ke kashe shi ba. A 2007 da 2008, binciken da ya kwatanta DNA na mutane da yawan wannan himogulobin a jininsu, ɗaya ƙarƙashin Swee Lay Thein a Landan, ɗaya a tsibirin Sardiniya na Italiya, ya nuna wata ƙwayar gado mai suna BCL11A. Ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya tabbatar cewa ita ce mai kashewar. Sai dai ba za a iya cire ta gaba ɗaya ba, domin ƙwaƙwalwa na buƙatarta, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ma haka. Ga shi kuma bambance-bambancen haruffan da aka gano ba a cikin sashen da ke ƙera furotin suke ba. Wannan ba baƙon abu ba ne: kusan kashi 90 cikin ɗari na wuraren da irin wannan bincike ke dangantawa da cututtuka suna wajen sassan da ke ƙera furotin, inda karatun haruffa kaɗai ba ya nuna amfanin wuri.

A 2013 Daniel Bauer da abokan aikinsa a ɗakin Orkin suka ɗora taswirar bambance-bambancen a kan wata taswira dabam, wadda ke nuna inda zaren DNA ke warware a kowane nau'in ƙwayar halitta. Bambance-bambancen suka faɗa daidai cikin wani ɗan yanki da ke buɗe a ƙwayoyin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini, yake rufe a ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin garkuwa. Makunni ne na jini kaɗai. Idan aka yanke shi, BCL11A za ta yi shiru a ɓargo ta ci gaba da aikinta a sauran jiki. Wannan ɗan yanki ne maganin Casgevy ke yankewa da almakashin gado na CRISPR, maganin da Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba. Taswirar farko ta nuna unguwa, ta biyu ta nuna ƙofa, gwaji a kan ɓeraye da ƙwayoyin ɗan Adam ya tabbatar cewa ƙofar ce.

Akwai masu suka, kuma mafi ƙarfinsu masana ƙididdiga ne. Hujjarsu lissafi ce da kowa zai iya bi. A ɗauka an auna ƙwayoyin gado 20,000 da ƙananan sinadarai 1,000 a jikin mutum ɗari, ana neman wanne ke tafiya da wanne. Tagwayen da za a gwada miliyan 20 ne. Idan aka yi amfani da ma'aunin da aka saba, wanda ke yarda da kuskure ɗaya cikin ashirin, za a samu alaƙa miliyan ɗaya da dace kawai ya haifar, ko da babu wata alaƙa ta gaskiya ko ɗaya. Duk matakin da aka ƙara, hanyoyin yaudarar kai suna ninkuwa, adadin marasa lafiya kuwa yana nan inda yake. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan an sarrafa samfurin marasa lafiya a wata ɗaya, na masu lafiya a wani watan da wata kwalbar sinadari da wani ma'aikaci, bambancin ranar aiki zai bayyana a RNA, ya bayyana a furotin, ya bayyana a sinadarai, mai bincike kuma ya yi murna cewa ma'aunai uku sun yi ittifaƙi. Shaidu uku da suka ji labari daga baki ɗaya, shaida ɗaya ce. Wannan suka gaskiya ce tsantsa, kuma an ga inda ta kai ga gadon asibiti. A 2006 wasu masu bincike a Jami'ar Duke suka wallafa cewa sun haɗa bayanan RNA na ƙwayoyin kansa da bayanan yadda magunguna ke kashe su, sun fitar da hanyar zaɓar wa kowane mara lafiya maganin da zai karɓe shi. Aka fara gwaji uku a kan mutane. Keith Baggerly da Kevin Coombes, masana ƙididdiga a cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Houston, suka yi ƙoƙarin maimaita lissafin, suka tarar jerin sunayen ƙwayoyin gado ya zame da layi ɗaya, a wani wurin kuma an juya alamar ƙwayoyin da magani ke kashewa da waɗanda ba ya kashewa. An rufe gwaje-gwajen a 2010, aka janye maƙalun, daga baya hukumomi suka tabbatar da cewa akwai ƙagen bayanai a ciki. Ko ba a kai ga ƙage ba, kuskuren haɗa jadawali da jadawali ruwan dare ne. Wani bincike na 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗa da jerin ƙwayoyin gado a manhajar Excel suna da sunayen da manhajar ta mai da kwanan wata, kamar SEPT2 da ke komawa biyu ga Satumba, har sai da aka canja wa irin waɗannan ƙwayoyin gado suna a 2020.

Ban ga abin da za a rage daga wannan suka ba. Abin da nake cewa shi ne ta auka wa tara bayanai ba tare da tambaya ba, ta bar irin aikin da aka yi a kan IDH1 da BCL11A a tsaye. A can, kowane ma'auni da injinsa dabam, a ɗakin gwaji dabam, a shekara dabam, saboda haka kuskuren ɗaya ba zai ratsa cikin ɗayan ba. Kuma ba a tsaya a kan cewa abu biyu na tafiya tare ba, sai da aka sa hannu aka dasa kuskuren, aka yanke makunnin, aka ga sakamakon da aka yi hasashe. Rahoton da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 2012 bayan abin da ya faru a Duke ya shimfiɗa ƙa'idar da ta dace: a kulle tsarin lissafi tun kafin a gwada shi a kan sabbin samfura da bai taɓa gani ba, a kuma bayyana bayanan da umarnin kwamfuta don wani ya iya maimaitawa. Duk binciken da bai cika wannan ba, komai yawan matakan da ya auna, hasashe ne tukuna.

Wani zai ce, to ai labaran nan biyu tsohon aikin ɗakin gwaji ne da aka yi daki-daki, ina amfanin manyan shirye-shiryen da ke auna komai a lokaci guda su miƙa wa kwamfuta? Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. A 2018 masana a Heidelberg ta Jamus da Cambridge ta Ingila suka fito da wata manhaja mai suna MOFA, wadda ke narkar da ma'aunai da yawa ta fitar da 'yan abubuwan da ke jan ragamar bambanci. Da suka gwada ta a kan mutum 200 masu wata kansar jini, manyan abubuwa biyun da ta fitar likitoci sun daɗe da sanin su. Wannan ya nuna manhajar na aiki, bai nuna ta fi likita gani ba. Amma a dubi kansar bangon mahaifa. Shekara da shekaru ana raba ta gida biyu bisa kamanninta a ƙarƙashin madubin likita, kuma ƙwararru kan saɓa wa juna a kan ƙarin da ya munana. A 2013 TCGA ta haɗa kurakuran DNA da yawan kwafin sassansa da tambarin metil da RNA da furotin na ƙari 373, sai gida huɗu suka fito. Ɗaya daga ciki, mai kuskure a ƙwayar gado POLE, yakan yi mugun kama a ido, amma masu shi kusan duk suna tsira. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wasu ƙari da ido ya sa a gida na farko na tsohon rabon, ashe a cikinsu irin mafi haɗari ne. Ba wanda ya shiga da wannan tambaya a baki, faɗin ma'aunin ne ya fito da ita. Wato babban shiri yana da aikinsa, shi ne nuna inda za a haƙa, kuma ko a labarin IDH1, da TCGA ba ta auna DNA da tambarin metil a kan ƙari ɗaya ba, da ba a ga haɗinsu da wuri haka ba.

Sukar tsada ita ce ta fi damun mai karatu a ƙasashenmu, kuma tana da amsa rabi. TCGA ta ɗauki fiye da shekara goma, ta auna ƙarin mutum sama da 11,000 masu nau'in kansa 33, aikin da ba asibitin da zai yi wa mara lafiya ɗaya. Amma idan aka gano sarƙar dalili, ba a buƙatar sake auna ta duka. Likitoci a Vancouver ta Kanada da Leiden ta Holan sun nuna cewa gidaje huɗun kansar mahaifa ana iya gane su da rina yankan tsoka iri biyu da karanta ƙwayar gado ɗaya, kuma ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta shigar da rabon cikin ƙa'idarta a 2023. Kuskuren IDH1 da ya fi yawa ana gane shi da rini guda da aka ƙirƙira a Heidelberg tun 2009, wanda duk ɗakin binciken tsoka mai kayan aiki zai iya yi. A ganina wannan ce alamar da ake gane haɗin da ya yi nasara, ya fara da ma'auni dubbai ya ƙare da biyu ko uku. Rabin da ba shi da amsa shi ne Casgevy. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, yana buƙatar a kashe ɓargon mara lafiya da magani mai ƙarfi a kwantar da shi makonni. Ga yaro mai sikila a Kano ko Damagaram a yau, abin da zai ceci ransa shi ne gwaji tun yana jariri, da rigakafi, da fenisilin, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da haidiroksiyuriya, ƙwaya mai araha wadda ita ma himogulobin ɗin tayi take ɗagawa, wadda kuma gwajin da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna ya nuna tana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda ya ɗauki kuɗin waɗannan ya zuba a injin auna furotin ya zalunci yaron.

Wannan bai sa mu zama 'yan kallo ba, domin sarƙar da aka ƙera da bayanan wasu mutane ba lallai ta riƙe a jikin wasu ba. Ƙidayar da aka yi a 2019 ta nuna kusan kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken alaƙar gado da cuta a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 2, alhali Afirka ce ta fi ko'ina yawan bambancin gado. Shirin GTEx, wanda duniya ke dogara da shi wajen sanin yadda bambancin harafi ke canja RNA a hanta ko zuciya ko huhu, kusan kashi 85 na mutanensa 'yan asalin Turai ne. Illar ba ta tsaya a takarda ba. Gwajin HbA1c da ake gane ciwon suga da shi yana auna sugan da ya manne wa himogulobin a tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, kusan wata uku. Wani bambanci a ƙwayar gado G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana gajarta rayuwar waɗannan ƙwayoyi, sai gwajin ya nuna ƙasa da gaskiya, da kusan ɗigo 0.8 a maza. Binciken 2017 da ya haɗa DNA da ma'aunin jini ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fatar Amurka kusan 650,000 masu ciwon suga za su iya kuɓuce wa gwajin saboda haka. A nan ma ma'auni ɗaya ne ya gyara ɗan'uwansa, kuma da binciken bai haɗa da 'yan asalin Afirka ba, da ba a gani ba. Shirin binciken gadon mutanen Afirka mai suna H3Africa ya nuna girman abin da ya rage: a 2020, daga mutum 426 kacal na ƙabilu 50 a ƙasashe 13, an samu bambance-bambance sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba.

Abin da zai hana wannan aiki a wurarenmu ba injin karatu ba ne, tunda farashinsa na sauka kuma ana iya aika samfur. DNA mai juriya ce, ɗigon jini a busasshiyar takarda yana riƙe ta shekaru. RNA da ƙananan sinadarai da alamomin da ke kan furotin suna fara canjawa cikin mintuna bayan an yanke tsoka, kuma ajiyarsu na buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili wadda wutarta ba ta yankewa. Samfurin da ya narke sau biyu a daren da janareta ta tsaya zai ba da lambobi, injin ba zai ƙi karanta shi ba, amma tarihin firizar zai faɗa, ba na ciwon ba. Haka kuma duk ma'aunan ba su da amfani idan ba a san abin da ya faru da mara lafiyar bayan shekara biyar ba, ko lambar da ke kan kwalbar jini ta saɓa da wadda ke kan katin asibiti. Asibitin koyarwa da ke son shiga wannan fage, abin da zai fara kashe wa kuɗi shi ne lamba ɗaya ga kowane mara lafiya daga ɗakin tiyata har ɗakin gwaji, da rubuta minti nawa tsoka ta yi kafin ta shiga sanyi, da wutar rana ga firiza, da ma'aikacin da aikinsa kawai shi ne bin sawun marasa lafiya bayan an sallame su, da takardar neman izini da aka rubuta cikin harshen da mai ba da jinin ke ji, wadda ta faɗa masa inda za a kai samfurinsa da wanda zai iya buɗe bayanansa.